Hogan Ya Mutu Mun Yi Makoki, 'Yan Kokawarmu Suna Raye Ba Mai Tambayarsu

Mutuwar Hulk Hogan ranar 24 ga Yulin 2025 ba ta girgiza ni fiye da mutuwar kowane tsoho ɗan shekara 71 ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda samarin Sakkwato suka ɗauki lamarin. Daga majalisun shayi zuwa Facebook, sai ka rantse wani dattijon unguwa aka rasa. Wannan ya ɗora hotonsa yana yaga riga, wancan ya rubuta cewa duniya ta yi rashin zakaran da ba za a sake yin irinsa ba. Ba laifi, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma cikin masu wannan makoki har da waɗanda in ka ce musu ana kokawa a ƙauye bayan girbi, sai su yatsine fuska su ce ai wannan ƙauyanci ne, wasan masu laya da guru. A wurinsu ɗan kokawa na gaske shi ne wanda ke fitowa a talabijin cikin fitilu da hayaƙi.

To bari mu duba zakaran nasu. Sunansa na yanka Terry Bollea, an haife shi a 1953, ya tashi a jihar Fulorida ta Amurka yana kaɗa jita a gidajen rawa kafin girman jikinsa ya kai shi fagen resilin. Ranar 23 ga Janairun 1984 ya karɓe kambun kamfanin resilin na WWF daga hannun Iron Sheik a birnin New York, ya riƙe shi shekara huɗu cur. A 1987 ya ɗaga ƙaton nan André the Giant ya maka shi da ƙasa, a gaban taron da kamfanin ya ce ya kai mutum 93,173. Duk wanda ya yi zamanin kaset ɗin bidiyo a gidajen kallo ya san wannan kaye.

Sai dai wa ya ba shi kambun? Ba ƙarfin damtsensa ba ne, Vince McMahon ne, mai kamfanin. Kafin su hau dandamali an riga an gama rubuta wanda zai faɗi, da lokacin da zai faɗi, da irin ihun da zai yi. Ranar da aka raba Hogan da kambun a Fabrairun 1988, labarin da aka tsara shi ne wai an sauya alƙalin wasa da ɗan tagwayensa, aka yi masa coge. Kuma ba zargi nake yi ba. A 1989 kamfanin da kansa ya shaida wa majalisar dokokin jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗi ne, ba gasa ba, don ya kuɓuta daga dokoki da kuɗaɗen hukumar wasanni. Masu abu sun faɗa da bakinsu tun shekaru da dama, amma har gobe akwai mai yi maka rantsuwa a bakin kasuwa cewa Hogan ya kayar da duniya.

Ɗan wasan kwaikwayo ne, kuma gwani a sana'arsa, wannan ban hana shi ba. Ya sha wuya ma, don faɗuwar da ake yi a kan dandamalin ba ta ƙarya ba ce: an yi ta yi masa tiyata a baya da gwiwoyi da ƙugu har ƙarshen rayuwarsa. Amma masu yi wa 'yan kokawarmu gorin laya su tuna cewa a 1994 wannan mutum ya tsaya a gaban kotu ya amsa cewa ya daɗe yana amfani da magungunan ƙara tsoka, alhali a talabijin yana yi wa yara huɗuba su yi addu'a su sha bitamin. Su kuma tuna 2015, lokacin da kamfanin, wanda sunansa ya koma WWE, ya sallame shi bayan fitar wani faifai da aka ji shi yana zagin baƙaƙen fata da mafi munin kalma. Ya nemi afuwa, an mayar da shi a 2018, amma ko a ƙasarsu ba kowa ya yafe ba. A Janairun 2025 ihu aka yi masa a Los Angeles. Mu kuwa da zagin ya shafa kai tsaye, mu ne a sahun gaba wajen zuba masa kirari.

Yanzu ka kama hanyar Illela, ka tsallaka Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, ka tambayi kowane yaro wane ne Issaka Issaka. Ba sai an buɗe waya ba. Kadri Abdou ke nan, ɗan jihar Dosso, wanda a gasar kokawa ta ƙasa da aka yi a Agadas ƙarshen 2023 ya ɗauki takobinsa na shida. Babu wanda ya rubuta masa ko ɗaya a ofis. Jihohi takwas na Nijar kowace tana kawo 'yan kokawa goma, mutum tamanin, a yi ta karawa kwana da kwanaki har a ga wanda ya rage a tsaye. Akwai shekarun da ya shiga ya fita hannu rabbana, don a wannan fage in ƙafarka ta goce babu marubucin da zai cece ka. Wanda ya yi nasara a naɗa masa rawani, a miƙa masa takobi, a ba shi doki da miliyoyin sefa, ƙasa gaba ɗaya tana kallo a talabijin tana sauraro a rediyo. Tun 1975 suke wannan, da aka fara a Tawa, kuma gasar tana zagaya jihohi. Ba su manta da mazan jiya ba: filin kokawa na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Dosso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa.

Harshe ɗaya muke yi da su, kiɗa ɗaya, kirari ɗaya, gero ɗaya muke ci. Mutanen Gada da Tangaza da Gwadabawa ba su kasa na Tawa ƙarfi ba. To me ya sa Basakkwace zai iya lissafo maka zakarun Nijar da na Amurka, amma in ka ce ya faɗi zakaran jiharsa na bana sai ya yi zuru? Ba ƙarfi muka rasa ba, tsari muka rasa. Kuma wannan ne darasin da ke cikin rayuwar Hogan wanda masu makoki ba su gani ba. McMahon ya ɗauki wasan da kowa ya san shiri ne, ya sa masa rana, ya sa masa kyamara, ya sa masa kwangila, har ta kai Netflix ta amince ta biya dala biliyan 5 don nuna shirin resilin na kamfanin mai suna Raw na shekara goma. Mu muna da na gaskiya a hannu, mun bar shi a bayan gari, ɗan kokawa yana jiran abin da 'yan kallo za su liƙa masa a goshi.

Senegal ma ba ta tsaya surutun al'ada ba. A can kokawa sana'a ce mai masu shirya wasa da kamfanoni masu ɗaukar nauyi, manyan 'yan wasa irin su Modou Lô da Balla Gaye 2 suna karɓar miliyoyi a karawa guda, kuma a 2018 aka buɗe musu ƙaton filin kokawa a Pikine, kusa da Dakar. Daga wannan fage Reug Reug ya fito ya je ya ci kambun masu nauyi na gasar ONE, ta faɗan da ya haɗa dambe da kokawa, a 2024. Da aka yi gasar kokawa ta ECOWAS a Abuja a Maris na 2025, su suka zo har gidanmu suka tafi da kofin, mu kuwa yawancinmu ba mu ma san an yi ba.

Za a ce mini in kuɗi suka shiga al'ada za ta lalace. Wannan maganar mai albashi ce, wanda bai taɓa karya ƙashi a fage ya koma gida ba ko kuɗin ɗori. Za a ce laya da tsafi sun yi yawa a kokawa. To a hana abin da ya saɓa wa addini a bar wasan, ai ba a rufe kasuwa don an kama mai tauye mudu. Hujjar da ta fi kama hankali ita ce ta tsaro, don gaskiya ne a Isa da Sabon Birni da Goronyo taron dare ya zama tarihi, kuma da shi kokawar kaka ta tafi. Amma wannan dalili ne na a jawo wasan cikin gari, ba na a bar shi ya mutu ba. Nijar ta kai gasarta Diffa a ƙarshen 2022, yankin da Boko Haram ta addaba, aka yi aka tashi.

Ban ce a yi wani abu mai wuya ba. Ƙananan hukumomi 23 gare mu, ga filin wasa na Giginya, ga gidajen rediyo da talabijin na Rima. A sa rana guda da kowa ya sani a shekara, kowace ƙaramar hukuma ta kawo mazanta, a ajiye likita a gefe, a sa kyautar da za ta ishi mutum jari. 'Yan kasuwar da ke tallata shinkafa da katin waya su ma su kawo nasu. Masu mulki kuwa kada su ce ba su san inda ƙartin suke ba. Sun san su sarai, don duk lokacin kamfe su ake ɗebowa a mota su tsare ƙofar taro, a sallame su da abin da bai kai kuɗin buhun gero ba.