Begilar Baba Kofur

Ɗiyar yayata aka ba wa aikin gida a makaranta, wai ta rubuto kayan kiɗan da ake amfani da su a kiɗan jaz. Ta kawo mini, tunda ni ne kawun da wayarsa ba ta rabo da data. Na ce ta dawo gobe, wannan ai kafin shayi ya huce na gama.

Ina shiga intanet abin ya yi awon gaba da ni. Ashe a birnin New Orleans na Amurka jaz ya tashi, a hannun baƙar fata, farkon ƙarni na 20. Saksofon ɗin nan mai lanƙwasasshen wuya kuwa wani ɗan Beljiyam ne, Adolphe Sax, ya ƙera shi, ya yi masa rajista a 1846. Jikinsa duk tagulla, amma masana sun ƙi sa shi cikin dangin ƙahonin tagulla, saboda ɗan siririn karan da ke bakinsa, wanda shi ke fitar da amon. Banjo ma na ƙura wa hotonsa ido na ce wannan ai ɗan'uwan gurmi ne, kuma haka ne, tushensa na wajen bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma. Wanda ya fi tsuma ni shi ne Yusef Lateef, gwanin saksofon da sarewa, da ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin sarewar Fulani. Mutum ya taso tun daga Amurka don ya taɓa kayan busa da hannunsa, ni kuma ina kwance kan katifa ina shafa waya? Ina!

Gari na wayewa na nufi gidan Baba Kofur, tsohon mabushin badujalar 'yan sanda. Ya ciro begilarsa naɗe cikin tsohon rawani, irin mai maɓallai uku da gwanin jaz Louis Armstrong ya yi suna da ita. Uku kacal! A raina na ce wannan ko yaro ya iya.

"Yaro," in ji Baba, "ba iska kawai ake ɗura mata ba. Matse leɓɓanka za ka yi su riƙa karkarwa. Kuma kar ka kumbura kumatu."

Na ce to, Baba. Amma na riga na ga bidiyon Dizzy Gillespie, wani gwanin busa begila a jaz, kumatunsa a cike tamkar na mai algaita ranar hawan daushe, don haka nasihar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Bayan isha'i na fita tsakar gida, kusa da turken ragon layya. Busar farko babu abin da ya fito sai iska da yawu. Na sake cika ciki, na kumbura kumatu har taurari suka fara yi mini yawo a ido, sai ga wata ƙara ta ɓarke, doguwa mai gargada, ta ƙare da shaƙewa. Jariri ya farka. Kaji suka watse daga akurki. Ni kuwa daɗi ya kama ni, na ƙara.

Sai na ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta. Ina buɗewa na ga maƙwabcina, tocila a hagu, wuƙa a dama, ko hula babu.

"Ina ragon? Yi maza, kar ya mutu mushe!"

Ya haska turke. Rago na tsaye yana tuƙa, lafiyarsa ƙalau. Na tura begilar bayana, amma bakinta ya leƙo ta gefen riga.

Uwargida ta ɗaga labule. "Malam, rago lafiya lau yake. Maigidan ne."

Ya dube ni, ya dubi wuƙar, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya juya.

Ban gama sa sakata ba sai ga jikan Baba Kofur yana haki. "Wai in ji Baba a ba ni kayansa yanzu-yanzu. Ya ce tun daga ɗakinsa ya jiyo, kuma duk shekarun da ya yi yana busa ta bai taɓa sa ta kuka haka ba."