Yadda buhun gero biyar ya koma sifili

Yayana yana da shagon hatsi a kasuwar Gusau, ni kuma na fara koyon C, wani yaren rubuta furogiram, sai kaina ya kumbura na ce bari in haɗa mishi ɗan furogiram na ƙirga buhuna, ya san ba data kawai nake ƙonawa ba. Na raba aikin gida biyu, main.c da kaya.c, sai na rubuta int buhu; wato ma'ajin adadin buhuna, a cikin shago.h, fayil ɗin da su biyun ke jawowa, don duka su gani. A tsohuwar laftof ɗina lafiya lau ya wuce, ashe gcc ɗinta, mai kwamfayil, wato juya rubutun C ya zama furogiram, tsoho ne mai kawar da kai.

Ranar da zan nuna mishi batiri ya mutu, na aro laftof ɗin abokina, ina danna enta sai ga kuskure, multiple definition of buhu, wato an ƙirƙiri buhu fiye da sau ɗaya. Wai tun gcc 10 da ya fito a 2020 aka daina yafe wannan, duk fayil ɗin da ya jawo shago.h ya haifi nashi buhu, linka kuma, mai haɗe fayilolin wuri guda, ba ya raba gardama. Na saka ifndef, mai hana fayil guda jawo shago.h sau biyu, ko gezau, tunda kowane fayil daban ake kwamfayil ɗinshi. Yaya na tsaye a kaina yana cin gyaɗa, ɓawon na zubo min a kan kibod.

Zufa na keto min na liƙa static a gaba, kuskure ya ɓace ɓat, har na gyara zama. Yaya ya shigar da gero biyar, muka duba jimla, sifili. Ya ce "kai ƙane, ina geron ya tahi, ko kwamfutar ma ta iya awon gaba?" Ashe static kowane fayil yake ba nashi na ɓoye, kaya.c na riƙe da biyar main.c ko labari bai ji ba.

Haushi ya sa na watsa extern, mai cewa buhu na can wani fayil, ko'ina, sai undefined reference, kamar bashin adashe, kowa na cewa kuɗin na wurin wane amma ba wanda ya riƙe su. Sai bayan la'asar abin ya zauna, extern int buhu; a shago.h, sannan int buhu = 0; sau ɗaya tak a kaya.c.

Na kira shi da murna ya zo ya ga biyar ɗinshi, ya leƙa ya ce ai biyu sun fita tun azahar, ya miƙo min wayarshi wai tunda na zama injiniya in duba mi ya hana tocilan ɗinta kamawa.