Ranar da na zama gawa a tsakar falo

Laifin madubi ne. Ranar 30 ga Disamba na fito daga wanka, na tsaya gabansa na juya gefe, sai na ga tumbina ya riga ni shiga sabuwar shekara. Na sunkuya zan ɗauki tawul, bayana ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara. A daren na shiga YouTube neman abin da zai gyara mutum ba tare da gudu ba, don ni da gudu mun raba gari tun ina makaranta. Haka na faɗa hannun wata malamar yoga (motsa jiki na miƙa gaɓoɓi da sarrafa numfashi) mai murya kamar tana lallashin jariri.

Abin da ya saye ni shi ne da ta ce a daina jera alkawuran sabuwar shekara. Ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, domin ina da littafi guda da ya zama maƙabartar alkawura: zan daina kwana da waya a hannu, zan koyi sabon harshe, zan riƙa ajiya. Babu wanda ya taɓa ganin watan Fabrairu. Ta ce mutum ya ƙulla niyya ɗaya tak, abin da masu yoga ke kira sankalpa da harshen Sanskrit. Jimla guda, gajeriya, a faɗe ta kamar abin ya riga ya tabbata. Na yi dogon nazari, na buɗe sabon shafi na rubuta da manyan baƙaƙe: NI MAI HAƘURI NE.

Uwargida ta leƙo ta karanta. Ta dube ni, ta sake duban littafin.

"Maigida, wa ya ba ka wannan shaidar?"

Na gyara zama na fara yi mata karatu. Na ce abin nan ba wasan yara ba ne, daga Indiya ya fito, kuma ya daɗe a duniya. Na ce ita kanta Majalisar Ɗinkin Duniya, a watan Disamba na 2014, ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya.

Ta ce, "To ka jira Yunin mana."

Ban kula ta ba, ai ni mai haƙuri ne.

Ranar 1 ga Janairu na ture kujeru, na shimfiɗa sabuwar tabarmar roba, na ajiye kwamfuta a kan teburi. Malama ta fara da abin da ta kira miƙar kare: tafin hannu da ƙafafu a ƙasa, mazaunai a sama, mutum ya koma kamar harafin V a kife. Ita ta yi shi tana murmushi, tana cewa a bar diddige ya sauka ƙasa a hankali. Nawa diddigen tsakaninsa da ƙasa akwai taƙi guda, kuma ba shi da niyyar saukowa. Jini ya taru mini a ka, hannuwa suka ɗauki rawa. Ta tsakanin ƙafafuna na hango autarmu, 'yar shekara huɗu, tana tahowa a kife. Kafin in ce wani abu ta ɗane bayana tana cewa, "Sukuwa, Abba!" A daidai nan wandona ya ce ɓarrr, tun daga tsakiya har ƙugu. Malama kuwa cewa take, "Ka saurari abin da jikinka ke gaya maka." Ai duk gidan sun saurara.

Na sake wando muka shiga tsayuwar bishiya. A tsaya da ƙafa ɗaya, a ɗora tafin ɗayar a jikin cinya, a ɗaga hannuwa sama. Sirrin, in ji ta, shi ne ka kafe ido a kan abu guda da ba ya motsi. Na zaɓi wani baƙin ɗigo a bango. Na yi daƙiƙa huɗu cur ina bishiya, har na fara jin kaina, ashe ɗigon nan ƙuda ne. Ya tashi, idona ya bi shi, ni ma na bi idona. Na kai wa labule cafka, muka zo ƙasa tare da shi da sandarsa. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Ta juya abinta.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan zaman natsuwa. Na ɗauka nan zan huta, tunda zama ne kawai, kuma a fagen zama ba ni da na biyu. Ƙa'idar ba ta da wuya: ka rufe ido, ka ƙirga numfashinka daga 1 zuwa 10, in tunani ya kauce ka koma 1. An ce Patanjali, wanda ya tattara ƙa'idojin yoga a zamanin da, ya taƙaita abin da cewa tsayar da kai-komon tunani ne. Ita kalmar yoga ma daga tushen da ke nufin haɗa abu biyu ta fito, kamar yadda ake haɗa shanu a karkiya, wato jiki da tunani su ja tare. Nawa shanun ko gaisawa ba sa yi.

Ɗaya. Biyu. Na kashe fankar ɗaki kuwa? Koma ɗaya. Ɗaya. Ashe haka firjin nan ke gurnani? Shekara nawa muna tare ban taɓa ji ba. Ɗaya. Biyu. Uku. Sai ga wani abokin aikina da ya yaɓa mini magana a gaban mutane a 2019, ya shigo kaina ba ko sallama. Ranar da abin ya faru shiru na yi, amma yanzu, a kan tabarmar natsuwa, amsa ta zo mini mai zafi, mai kan gado, irin wadda za ta sa ya nemi canjin ofis. Na faɗa masa, ya rama, na ƙara masa, shugabanmu ya shiga tsakani ya ba ni gaskiya. Ina cikin karɓar ban haƙuri na ji malama na cewa kada a yi kokawa da tunani, a dube shi kawai ya wuce kamar girgije. Nawa tunanin ba ya wucewa, kujera yake ja ya zauna, ya aika a kira 'yan'uwansa. Da na tabbata na kai rabin awa sai na saci kallon agogo da ido ɗaya. Minti uku. Na yunƙura zan tashi, ashe minjirya ta kama ƙafar da na naɗe, na tafi da rarrafe har gindin kujera.

Haka na yi ta fama kwana biyar, ina ɗingishi ina maimaita niyyata.

Rana ta shida uwargida ta fita unguwa ta bar ni da auta. Darasin ranar shi ne shabasana, kuma malama ta fassara sunan: kwanciyar gawa. A kwanta rigingine, ƙafafu a ɗan ware, hannuwa a gefe, tafi na kallon sama, ido a rufe. Ta ce wai ita ce mafi wuya, don jiki zai saki amma hankali ya zauna a farke. Na yi dariya. Ga dai abin da aka halicce ni dominsa. Na miƙa wa auta wayata ta yi wasa, na ja mata kunne: "Kada ki taɓa ni, kada ki yi mini magana. Kwanciyar gawa zan yi." Na toshe kunnuwana da abin sauraro na miƙe.

Malama ta ce a saki yatsun ƙafa. Na saki. A saki ƙwauri. A saki gwiwa. Ban ji ta kai cinya ba. Barci ɓarawo ne.

Sauran labarin daga baya aka ba ni. Hajiya, mahaifiyata, ta kira, auta ta ɗauka.

"Ina Abbanki?"

"Yana kwance a ƙasa."

"Ba shi wayar."

"Ya ce kada a taɓa shi."

"Me ya same shi?"

"Gawa ne, Hajiya. Ba ya motsi."

Ni da ake jin minsharina daga waje, ranar nan kaɗai na yi barci shiru. Hajiya ta kira Yaya, Yaya ya kira uwargida, uwargida ta kira maƙwabci. Maƙwabci ya zo ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar da ba a kulle take ba, ja ake yi shi kuma ya tura.

Ruwan sanyi ne ya dawo da ni duniya, bokiti guda. Na zabura ina ihu, "Wane marar hankali ne wannan!" Na share ido, sai ga Yaya tsaye a kaina da bokiti, riga a baibai, takalmi ƙafa ɗaya. Bayansa maƙwabci na riƙe da kafaɗa, uwargida na haki a jikin bango, auta na ci gaba da wasanta. Ban tsaya nan ba, na bi ƙofa da faɗa, na bi tabarma, na bi kwamfutar da ruwa ya fantsama wa. Yaya bai ce uffan ba. Ya sunkuya ya ɗauki littafina da ke buɗe a gefe, ya kakkaɓe ruwan, ya karanta da ƙarfi, kalma bayan kalma: "Ni. Mai. Haƙuri. Ne."

Aka miƙo mini waya, Hajiya na kan layi, muryarta na rawa.

"Hajiya, ki yi haƙuri, motsa jiki nake yi."

"Motsa jiki? Yarinya ta ce ba ka motsi!"

"Ai shi wannan ɗin, rashin motsin ne motsin."

Ta yi shiru, sannan ta ce in ba Yaya wayar. Na ji tana tambayarsa ko dai na bugu a ka ne.

Ban daina ba, sai dai yanzu da sharuɗɗa. Sai uwargida na gida, waya na hannunta, kuma an haramta mini furta sunan kwanciyar nan a gaban yara. Ni na biya kafinta kuɗin ƙofa. Yaya kuwa kullum da safe sai ya kira ya ce, "Marigayi, an tashi lafiya?" Jiya na kai numfashi na shida kafin mutumin 2019 ya turo ƙofa, kuma wannan karon da lauya ya zo.