Ku daina biyan kuɗin gida kafin bincike

Makon jiya aka shafa jan fenti, alamar rusau, a katangar wani sabon gida a wajen Lugbe a Abuja, mai shi ko wata uku bai yi da tarewa ba. Bawan Allah yana tsaye da takardu cikin leda, duk wanda ya tsaya sai ya nuna masa. Aka ce, ka kai su AGIS, ofishin gwamnati mai ajiye bayanan filayen Abuja, kafin ka biya? Ya ce ai dillalin ɗan garinsu ne, sahu ɗaya suke sallah.

Ƙannena, wannan ɗabi'a ta ishe mu. Mutum ya shekara goma yana tari, ya sayar da gonar gado, sannan dillali ya ce masa "wani Alhaji na hanya da kuɗinsa", nan take ya tura kafin alƙalami. Waya ta dubu ɗari sai kun kunna ta, kun duba kyamara, kun kira aboki ya gani. Gidan miliyoyi kuma hotonsa a Facebook ya wadatar. Wannan ai cinikin biri a sama ne, kuma sauri ya kan haifi nawa.

A Abuja ministan babban birnin tarayya kaɗai ke da ikon ba da fili, takardar shaidar mallakar fili, wato C of O, kuma ta shekara 99 ce. Takardar basarake ba ta mallaka maka komai a idon gwamnati, ta ƙaramar hukuma ma sai in an tantance ta. Shi ya sa lauyanka, ba lauyan mai sayarwa ba, zai rubuta takardar neman bincike a AGIS da lambar fayil. Can za a ga sunan wanda ke kan fayil ɗin, ko gidan na jingine a banki, ko an soke takardar, ko filin na zama ne ko na makaranta. A watan Maris na 2025 an soke takardun filaye 4,794 saboda bashin harajin fili na sama da shekara goma. Wanda ya saya bai duba ba, shi bashin zai hau.

Bayan nan ka ɗauki safiyo, mai awon fili, ya gwada lambobin duwatsun iyaka da abin da ke takarda, domin takarda na iya zama ta gaske, filin da aka nuna maka na wani ne. Ka nemi a nuna maka takardar izinin gini. Gidan gado kuwa, in magaji ɗaya bai sa hannu ba, ka sayi shari'a. Kuma kada dillali ya ce maka Mararaba ko Masaka Abuja ce, Nasarawa ce, bincikenta a can ake yi.

Amma ina! Duk wannan kun sani, kwaɗayin araha ne ke rufe ido. Gida a rabin kuɗin na maƙwabta, ba ka tambayi dalili ba? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ka je da rani ka ga tayil na sheƙi, ba ka koma a watan Agusta ba, ba ka duba layin laima a gindin bango ba. Ku tambayi mutanen Lokogoma abin da ruwa ke yi. Ga masu ƙarar da kuɗinsu kaf a farashin gida, sun manta la'adar dillali da kuɗin lauya, kowanne kan kai kashi 5 cikin 100, ga kuɗin amincewar minista da rajista. Sai a jefa takardar ciniki a durowa, gida na nan da sunan tsohon mai shi, gobe ya sake sayar wa wani.

Su kuma dillalan zamani, Allah ya shirya. Kowane mai waya ya zama dillali, biyar a kan gida ɗaya, babu wanda ya taɓa ganin mai gidan. Haka masu sayen gida don a gani a hoto, kuɗin makarantar yara na jiran su.

Iyayenmu ba su da AGIS, amma ba sa ƙirga kuɗi sai mai unguwa ya zo, maƙwabtan gabas da yamma sun tsaya, an taka iyaka da ƙafa. Dillali a lokacin dattijo ne da kowa ya san ƙofar gidansa. Na Lugbe kuwa, tun ranar da aka shafa fentin wayarsa a kashe take.