Motar Alhaji ta daina shan wuta da sauri

Garejin gyaran wutar mota ne a unguwar Zariya, cikin Maradi. Watan Afrilu, ƙarfe biyu na rana. Alhaji ya iso da motarsa mai aiki da batir wadda ya sayo daga Sin, direbansa na biye da shi riƙe da buta.

ALHAJI: Injiniya, sammu aka yi wa motar nan. Da tana sabuwa, minti 30 ya ishe ta ta tashi daga kashi 10 zuwa 80. Jiya awa guda muka yi muna kallonta kamar masu jiran tuwon biki.

BAKANIKE: Sannu da rana, Alhaji. Sau nawa aka jona ta jiya?

DIREBA: Uku. Da muka dawo daga Tasawa, da muka dawo daga Gidan Rumji, sai kuma da baƙi suka zo daga Kano, maigida ya ce a jona su gani.

ALHAJI: Kai aka tambaya?

BAKANIKE: Duka a babbar cajar nan mai kilowat 120 da ke bakin sitonka? Wadda ba rumfa a kanta?

ALHAJI: In na yi mata rumfa, wa zai gan ta daga titi?

Bakanike ya soka na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari, ya duba wayarsa.

BAKANIKE: Ga mai sammun nan. Zafin batir digiri 51 yanzu haka. Batirin litiyom ya fi son tsakanin 20 da 40. In ya wuce nan, kwamfutar da ke tsaronsa sai ta rage wutar da ke shiga, daga kilowat 100 ta koma 40 ko ƙasa. Kuma zafin ba daidai yake tafiya da wuta ba: ka ninka ƙarfin wuta sau biyu, zafin da ke tasowa a ciki ya ninku sau huɗu. Ka yi gudu a kwalta mai digiri 43, ka jona, ka sake gudu, ka sake jonawa. Yaushe ya huce?

ALHAJI: Wato kwamfutar ce ke cin amanata. A cire ta.

BAKANIKE: In an cire ta, Alhaji, ƴan kwana-kwana za ka kira, ba ni ba.

DIREBA: Maigida, in za a cire, a bar ni in sauka tukuna.

BAKANIKE: Wannan nawar ta yini guda ce. Ta kwana a inuwa, gobe saurinta ya dawo. Nissan Leaf ta 2018 ta yi suna da wannan hali, don batirinta ba shi da ruwan sanyaya, caji na biyu da na uku a rana ɗaya sai ya riƙa jan ƙafa. Taka tana da ruwa, da famfo, da radiyeta, kuma injin kilim, wato na'urar sanyaya cikin mota, shi ke taya su sanyaya batir. Amma dubi gaban radiyetar: ƙurar hunturu ta toshe ta, ga ledoji biyu, ga gashin zabo.

DIREBA: Zabon shi ya faɗo mana.

BAKANIKE: A wanke ta da ruwa marar ƙarfi don kada haƙarƙarinta su lanƙwashe. Ruwan sanyaya kuma ya sauka ƙasa da layi. Irin wanda kamfanin ya rubuta za a ƙara. Kada wani ya zuba na buta.

Direba ya mayar da butar bayansa.

ALHAJI: To me ya sa ko da safe, in ta kai kashi 80 sai ta koma tafiyar hawainiya?

BAKANIKE: Alhaji, kana zuwa masallacin Juma'a da wuri?

DIREBA: Ana tayar da iƙama muke isa.

BAKANIKE: To ka san lamarin. Na farko suna shiga a guje, ko'ina fili. Na ƙarshe sai sun ratsa sahu suna neman wurin sa ƙafa. Haka ƙwayoyin litiyom suke neman gurbi a ɓangaren gawayin batir. In aka ci gaba da turo su da ƙarfi alhali ciki ya kusa cika, sai su shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa su zauna, su daskare su zama ƙarfe. Wanda ya daskare da wuya ya koma aiki, ga shi ya tare wa na baya hanya. Don gudun haka kwamfuta ke sassauta wuta. Daga 80 zuwa 100 kan ci lokaci kusan daidai da daga 10 zuwa 80.

ALHAJI: Ni ban taɓa tare ƙofa ba.

DIREBA: Mota muke tarewa da ita.

BAKANIKE: Wannan daskarewa, da wani ɓawo da zafi ke ƙara wa kauri a jikin gawayin, su ne nawar da ba ta warkewa. Hanya tana ƙunci, batir yana saurin zafi, kwamfuta tana saurin ja da baya. A 2017 kamfanin Tesla da bakinsa ya ce motar da ta sha cajin gaggawa da yawa ana rage mata ƙololuwar sauri, abin da ke ƙara kamar minti 5 a kan caji.

ALHAJI: Minti 5 kawai?

BAKANIKE: Shi ya sa ban ce ka sayar da cajar ba. A Amurka an gwada Leaf huɗu ƙirar 2012 a Arizona, wuri mai zafi irin namu, biyu a cajin gaggawa kullum, biyu a na hankali. Bayan kilomita 80,000, bambancin ƙarfin batirinsu bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, amma dukkansu zafi ya cinye musu wajen kashi ɗaya bisa huɗu. Ƙarfin naka batirin yana kashi 94 na yadda yake yana sabo, da sauransa.

ALHAJI: To yanzu yaya za a yi?

BAKANIKE: Ka sa ƙaramar caja mai kilowat 7 a gida. Batirinka kilowat-awa 60 ne, daga 10 zuwa 80 kilowat-awa 42 ke nan, awa 6 da ɗan kai, tsakanin lisha da asuba. Babbar ka bar ta don ranar tafiya, ka jona tana ƙasa da kashi 30, ka zare a 80. In an dawo daga doguwar hanya da tsakar rana, a ba ta rabin awa a inuwa. Kada ta yini cike fal a rana. In batirin irin LFP ne, wato mai haɗin litiyom da ƙarfe da fosfet, kamar na motocin kamfanin BYD na Sin, yana son a cika shi har 100 sau ɗaya a mako don kwamfuta ta daidaita lissafinta, amma da ƙaramar caja.

ALHAJI: Baƙi fa?

BAKANIKE: Ka nuna musu hotonta.

ALHAJI: Nawa ne aikinka?

BAKANIKE: Jika goma, da wankin radiyeta.

Alhaji ya ƙirga jika takwas ya miƙa masa.

BAKANIKE: Saura biyu, Alhaji.

ALHAJI: Ka kai kashi 80. Sauran a hankali suke shiga.