Sun Ci Kuɗin Tantancewa, Sun Kuma Mayar da Ni Ɗan Damfara

A makon jiya aka dawo mini da katina mai hoton Hakeem Olajuwon, ɗan wasan ƙwallon kwando, bugun kamfanin Fleer na 1986, wanda na saya tun ina sabon zuwa New York. Na aika shi ga ɗaya daga cikin kamfanonin tantance katunan 'yan wasa, masu duba sahihancin kati su ba shi maki gwargwadon kyansa, na biya kuɗin aiki da na inshora da na gidan waya, na yi watanni ina zaman jira, sai ga shi ya dawo babu maki, babu ƙwanson robar da suke rufe kati a ciki, sai wata 'yar takarda da ke cewa akwai alamar an datse gefensa, wato an yi masa gyaran ha'inci don ya yi kama da sabo. Kuɗin kuwa sun shige, ba a ma ta da maganarsu ba.

Da na ji suna da rumfa a wani baje kolin katuna, sai na ɗauki katin na tafi da kaina. Na iske wani saurayi wanda a haife na haife shi, yana latsa waya. Na gaishe shi, ya ɗaga mini yatsa ɗaya alamar in dakata, na kuwa dakata. Da ya ga dama ya ɗago, na ce, "Samari, so nake a nuna mini gefen da aka datse." Ko karɓar katin bai yi ba, ya leƙa shi daga inda yake zaune ya ce masanansu sun riga sun yanke hukunci. Na ce na ji, amma wane gefe ne cikin huɗun, kuma da me aka auna? Ya ce ba sa bayyana yadda suke aiki. Na nuna masa jan launin bakin katin, inda ya ɗan ɓare a kusurwar ƙasa har farin takarda ya fito, na ce duk mai tara bugun 1986 ya san haka gefensa yake yi, kuma wanda ya sa reza ya gyara kati ba zai bar wannan tabon ba. Sai ya yi murmushi ya ce, "Kowa haka yake faɗa." Sannan ya ƙara da cewa in ban gamsu ba ina iya sake aikowa in sake biya, ya karkata kai ya kira na bayana.

Madalla da wannan ilimi mai zurfi, wanda ba a iya nuna shi sai dai a sake sayensa! Ashe ni ne ɗan damfarar, ni da na kawo katin da hannuna ina roƙon a sa masa gilashin ƙara girma a gabana.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne tarihin sana'ar kanta. Katin farko da PSA, babba a cikin kamfanonin tantancewa, ta tantance a 1991 shi ne shahararren katin nan na Honus Wagner, tsohon ɗan wasan baseball, ta ba shi maki 8 cikin 10, ya riƙa canza hannu har ya kai dala miliyan 2.8 a 2007. A 2013 dillali Bill Mastro ya amsa a shari'arsa cewa shi ya datse gefen katin tun kafin a tantance shi. Na attajirai ya wuce da makinsa, na talaka kuwa zato kaɗai ya isa a jefo masa shi. Ana ta ba mu shawara mu zaɓi kamfani amintacce, to tsakanin wa da wa? A 2024 kamfanin da ya mallaki PSA ya saye SGC, kishiyarta a sana'ar, wadda a lokacin masu tsofaffin katuna suke gudu wurinta, kuma wadda ta ba katin ɗan wasan baseball Mickey Mantle na 1952 maki 9.5 kafin a sayar da shi dala miliyan 12.6 a 2022.

Ina gwamnati take a duk wannan? A nan Amurka wanzami ba ya buɗe shago sai da lasisin jiha, amma mutumin da lambar da ya rubuta za ta ninka kuɗin kati sau goma ko ta kashe shi ba ya buƙatar takardar kowace hukuma, ba a san sunansa ba, kuma in ka ƙi hukuncinsa babu inda za ka kai ƙara sai wurin kamfanin da ya ɗauke shi aiki. Hukuma ba ta tunawa da mu sai ranar da muka sayar da kati, ta zo karɓar haraji. Mu ma masu saye ba mu da bakin magana, domin mu ne muka daina duban kati muka koma duban lambar da ke kan roba, har ta kai dillali ba ya taya katin da ba a rufe ba sai da wulaƙanci, kuma gobe da sassafe za ka gan mu a layi, kowa da ambulan ɗinsa da katin bankinsa a hannu.