Wane masanin ne ya ce?

Wancan rubutun na daren jiya da kuka yi ta turo mini kamar an aiko ku, na gani. Na kuma ga an goge tambayar da na yi a ƙarƙashinsa, bayan an gama ce mini ɗan baƙin ciki. To ga ta nan a shafina, inda babu mai gogewa: wane masanin?

Wai "masana halayyar ɗan Adam sun ce in ka kasa barci da dare, wani ne yake tunaninka." Ikon Allah! Wato ni da na kwana ido biyu ranar Talata, ga sauro ga zafi ga babu wuta, ashe wata baiwar Allah ce can take fama da begena. In ma akwai mai tunanina a daren nan, mai shagon layinmu ne da yake bina bashin madara.

Ƙaryar ba ta dame ni ba, Facebook ne. Rigar da aka sa mata ce ta ɓata mini rai: "masana sun ce". Mu fa mutane ne da in ka tashi a majalisa ka ce "malamai sun ce", tun ba ka rufe baki ba wani dattijo zai tare ka: wane malami, a wane littafi, a wace mazhaba, wa ya ruwaito? Amma da an ce saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, sai kowa ya zama ɗan amshin Shata. Shekaru ina koyar da wannan darasi ga masu neman takardar malanta, kuma abin da nake fara gaya musu ke nan: tun ranar da aka raɗa wa wannan fage suna, masanansa ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba.

A 1879 Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a jami'ar Leipzig ta Jamus, kuma daga nan ake fara ƙirga shekarun saikoloji a matsayin ilimi mai zaman kansa. Ba zuciyar kowa ake karantawa a ɗakin ba. Mutum ake zaunarwa, a buga masa ƙara ko a haska masa fitila, a auna tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya danna maɓalli, sannan ya bayyana abin da ya ji. Almajirinsa Edward Titchener ya kwashi abin ya kai jami'ar Cornell a Amurka, ya ce aikinmu shi ne mu kwance hankali gunduwa-gunduwa kamar mai gyaran rediyo. Ya yi ta ƙirga har ya ce akwai ɓurɓushin ji da gani sama da 44,000. Shi kuma William James na Harvard, wanda ya fitar da babban littafinsa a 1890 bayan shekara 12 yana fama da shi, ya ce tunani kogi ne mai gudu, ba a yanka kogi. A wajensa tambayar ita ce wane amfani tunani yake yi wa mai shi. Har shaguɓe ya yi wa Jamusawan, cewa irin wannan aiki nasu sai a ƙasar da mutanenta ba su san gundura ba. An ruwaito Wundt ya rama, ya ce littafin James adabi ne mai kyau amma ba saikoloji ba ne.

Iyayen gidan ke nan fa, tun a zaure. To wanne daga cikinsu ya ce ana tunaninka?

Na san wanda za ku jawo: Freud. Duk wanda ya haddace sunan nan ya zama dakta. Sigmund Freud likitan jijiyoyi ne a Vienna, kuma bai yi aiki irin na Wundt ba. Marasa lafiya yake kwantarwa a doguwar kujera su yi ta zuba, shi yana zaune ta bayan kansu yana saurare. Daga nan ya gina ra'ayinsa cewa mafi yawan abin da ke juya mutum yana binne inda shi kansa bai sani ba: sha'awar da aka danne, tsoro, tabon ƙuruciya. Littafinsa na fassarar mafarki da ke ɗauke da shekarar 1900 cewa yake mafarki burin mai barcin ne ya yi ɓad-da-kama. Ku lura, na mai barcin. Ko Freud, da duk zaƙewarsa, bai ce tsohuwar budurwarka ce take aiko maka saƙo cikin dare ba. Sannan gidansa ma bai zauna lafiya ba. Alfred Adler ya fice a 1911, Carl Jung ya bi shi a 1913, dukkansu ba su yarda sha'awa ce uwar komai ba. Wannan "intirobat", wato mai gudun shiga mutane, da kuke ta liƙawa a bayanan shafinku don ku guje wa zuwa gaisuwar mutuwa, daga wajen Jung ta yaɗu.

A wannan shekarar ta 1913 John Watson ya tashi a Amurka ya ce duk ku tafi can. Tunani, mafarki, abin da ke binne, ba a gani ba a aunawa, don haka babu ruwan kimiyya da su. Abin da halitta ta aikata kawai za a duba. Ya jingina da aikin Ivan Pavlov na Rasha, wanda shi ma ba masanin halayya ba ne, narkewar abinci yake bincike har ya ci kyautar Nobel a 1904, ya lura karnukansa na zubar da yawu tun kafin nama ya iso. A 1920 Watson da Rosalie Rayner suka ɗauki jariri ɗan wata 11 da ake kira Albert. Yaro yana wasa da farin ɓera ba tsoro, su kuma duk sanda ya kai hannu sai su doki ƙarfe da guduma a bayan kansa. Ba a daɗe ba, da ya ga ɓeran sai kuka. Aka tafi da yaron ba a cire masa tsoron ba. Bana da na zo nan a aji sai da na ɗan yi shiru, don ina da ɗa mai kusan waɗannan watanni a gida. Watson kuwa a shekarar ya rasa aikinsa a jami'ar Johns Hopkins, ya koma kamfanin talla ya yi kuɗi.

Saura ma da yawa. 'Yan Gestalt, su Max Wertheimer tun 1912, suka ce ido dunƙulallen abu yake gani, masu gutsuttsurawa sun ɓata lokaci. Skinner, mai bin sahun Watson, ya zo da akwatinsa na ɓeraye da tattabaru, lada da horo. Maslow da Carl Rogers suka ce mutum ya wuce ɓera, ya kuma wuce majinyacin Freud. A 1959 masanin harshe Noam Chomsky ya ragargaji bayanin Skinner kan yadda yaro ke koyon magana, aka dawo da binciken tunanin da Watson ya kora. Kowace mazhaba a kan kuskuren wadda ta gabace ta ta kafa rumfa.

Wani ya rubuto mini wai ai wannan tsohon zance ne, yanzu an haɗe. A 2015 masu bincike suka sake gwada bincike 100 da aka riga aka buga a manyan mujallun fagen, waɗanda suka sake ba da sakamakon farko ba su kai rabi ba. Su masu abin suna ta tuhumar kansu, kai da wayarka ka gama yanke hukunci.

Wata kuma ta ce Malam ai wasa ne. Hajiya, jiya wasa ne. Da irin wannan rigar ake gaya wa mace mijinta "nasisis" ne, wato mai tsananin son kansa, saboda bai amsa saƙo da wuri ba. Da ita aka gaya wa wata ɗalibata, yarinyar da ta yi watanni ba ta barci ba ta cin abinci, cewa masana sun ce mai yawan damuwa mai kaifin basira ne. Ta riƙe wannan ta ƙi zuwa asibiti, sai da yayarta ta ja ta da ƙarfi. Alhamdu lillahi ta samu sauƙi, amma zangon karatu guda ya tafi. Wallahi tun daga ranar ba na iya dariyar waɗannan rubuce-rubuce yadda nake yi a da.

Masu cewa gaba ɗaya ilimin Turawa ne a watsar, ku ma ban da lokacinku. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya yi magana kan tsoro da waswasi. Marigayi Malik Badri ɗan Sudan ya yi shekaru yana jan kunnen Musulmi kada su haɗiye Freud ba tauna, amma shi kansa masanin fagen ne, karanta su ya yi kafin ya soke su. Ku kuma masu turo rubutun, ko sunan mutum ɗaya an kasa ba ni tun jiya.

Af, tun da na ambaci Pavlov. Ɗalibai, ku daina rubuta mini "ƙararrawa" kamar ita kaɗai ya sani, ya yi amfani da sautuka iri-iri wajen sa karnukan zubar da yawu, har da 'yar na'urar nan mai ƙas-ƙas da makaɗan Turawa ke daidaita kiɗa da ita. Kuma bai kamata a ce sai an je Rasha ba. Kajin maman yara, da sun ji ƙarar wani tsohon kwanon samira sai su taho a guje ko babu ƙwayar dawa a ciki. Shekaranjiya kwanon ya suɓuce mata a bakin rijiya, suka yo kanta su goma sha ɗaya, zakaran har da faɗawa cikin bokiti. Mai neman zakara ya yi magana, don na gaji da shi, ƙarfe uku na dare yake fara cara.